Ranar da Mamuda Bai Buga Taken Lado Ba

Kowace Talata da Alhamis, da an sallame sallar asuba, Mamuda Mai Kalangu yake fito da kekensa daga zauren gidansa a Kurfi. Ya matsa tayoyi da yatsa ya ji iska, ya ɗaure 'yar gorar furarsa, sannan ya koma ciki ya ɗauko kalangu. Ba ya rataya shi a kafaɗa kamar sauran makaɗa. Naɗe shi yake yi a tsohon zanen matarsa Hawwa'u, ya ƙulle tamau a bayan keke. Hanyarsa ta bi ta gefen mahauta, kuma nan ne kullum yake sauka ya tura keken da hannu, ya yi sallama kansa a ƙasa. Wasu su amsa, wasu su yi kamar wasa wuƙa ya ɗauke musu hankali. Shekara huɗu ke nan ana haka.

Kafin rana ta take yana Dutsin-Ma, a gindin tsamiyar makarantarmu ta 'yan mata. Ya kwance zanen, ya bi tsarkiyoyin kalangun ɗaya bayan ɗaya yana ja, ya zauna jiran yara su tashi daga aji. Ni nake kai masa ruwa. Sunana Rekiya, ni ce malamar ɗinki, kuma shekara shida ina kai masa ruwan nan. Bana ne na fara lura kwanon yana kaɗawa a hannunsa na dama har ruwa na zuba a rigarsa. Na kau da kai, shi ma ya yi kamar bai ga na gani ba.

Ƙarshen zangon nan zai ajiye mana kiɗa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma wallahi da fargaba na ɗauka, don mu mutanen nan mun iya jira sai an binne mutum mu fara “ai mutumin kirki ne.” Ni ba zan jira ba.

Mamuda gadon kiɗa ya yi. Ubansa Alu shi ya yi wa Hamma kiɗa, babban mahaucin nan da tsofaffin Kurfi ba su manta ba. Da Hamma ya rasu ɗansa Lado ya gaji wuƙa, da Alu ya rasu Mamuda ya gaji kalangu, aka ci gaba kamar ba a yi mutuwa ba. Shi ke sanar da gari an yi yanka. Shi ke gaba a bikin duk wani mahauci, kuma kasonsa na nama ba ya yankewa. Sai dai abin yana da doka guda, wadda ko yaron da aka yaye jiya a gidan makaɗa ya sani: duk inda ubangidanka ya shigo, ko me kake bugawa, ka sake shi ka buga takensa. Shi kuma ubangidan zai ja ya tsaya a bakin fili, ba zai ƙara taku ba sai ya ji. Taken Lado gajere ne, kalangu na cewa, “Lado ɗan Hamma, yanka da safe, gari ya ƙoshi da hantsi.” Makaɗin da ya ga ubangidansa ya ƙi bugawa, to ya tuɓe masa hula a bainar jama'a.

A shekarar 1963 aka kawo wani malamin lissafi daga kudancin ƙasar Indiya, wajen Madras, yana koyarwa a makarantar maza. Matarsa Malama Saroja ba ta iya zaman banza ba, sai ta roƙi shugabarmu a ba ta 'yan mata ta koya musu rawar ƙasarsu. Ni aka haɗa ta da ita don ina ɗan jin Turanci. In faɗi gaskiya, da farko tsaki na yi. Na ɗauka irin tsalle-tsallen nan ne da masu zuwa silima a Katsina suke ba da labari. Da na faɗa mata haka, ta harare ni harara irin ta uwar miji, ta cire takalmi, ta ɗaura wasu akayau masu ƙananan ƙararrawa a ƙafa, ta ce in zauna in kalla.

Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma na ga rijiya. Na ga mace ta zura guga ta jawo shi ba nauyi, na ga fuskarta ta faɗi. Ta haɗa yatsu ta yi barewa, ta buɗe su ta yi furen bado, ta karya wuya ta baza hannu sai ga ɗawisu. Ashe rawar tasu tatsuniya ce, da yatsu da ido da diddige ake ba da ita. Wadda ta nuna mini ran nan kakarta ce ta ba ta. Wai an yi fari a wani ƙauye, kuma a ƙasarsu an ce hadari ba ya tasowa sai ɗawisu ya yi rawa. Ɗiyar wani manomi ta tsinci ɗawisu kwance ƙishi zai kashe shi, ta juye masa ɗan ruwan da ya rage a tulunta. Ya sha amma ya kasa tashi. Sai ita ta shiga yi masa rawar tasa, tana juyi a kan ƙafa ɗaya, har ya ji kunya ya miƙe ya karɓa, ruwa ya sauko. Na ce, “Malama, ai wannan labarinmu ne, ɗawisun kawai muka rasa.”

Akwai gaisuwar da take yi wa ƙasa kafin ta fara, ta taɓa ta da hannu ta shafa a ido. Muka ce wannan kam yaranmu ba za su yi ba, sai dai su rusuna su gaida manya yadda suka saba. Ba ta yi musu ba. Na ɗinka musu dogayen wanduna masu tattara da riguna masu hannu, aka fara da yara takwas da garmaho ɗinta.

Garmahon bai kai damina ba. Ta ajiye faya-fayan a akwatin ƙarfe kusa da taga, zafin bazara ya lanƙwasa su kamar ƙosai. Ta zauna tana kallonsu hawaye na zuba. Sai wata 'yar siririya mai shekara goma, Lauratu, autar Lado, ta ce, “Malama, ai babanmu na da makaɗi.” Na je Kurfi da kaina na roƙa. Lado ya yi dariya ya ce, “Rawar Indiya da kalangu? To, na ba ku aron shi, in dai ba ranar kasuwa ba ce.” Ku riƙe wannan: da yardar ubangidansa Mamuda ya zo.

Ranar farko Malama Saroja ta zauna ta tanƙwashe ƙafa, ta ajiye wani ɗan katako a gabanta tana dukansa da sanda, tana faɗin, “Ta-ki-ta, ta-ka-di-mi.” Uku da huɗu, bakwai ke nan, a koma. Mamuda ya saurara, ya gwada, ya ajiye sandarsa.

“Malama, gaya mata wanga kiɗa gurgu ne. Ƙafa guda ta ɗara guda.”

Na fassara. Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce in gaya masa gurgun nan ya fi shekara dubu yana tafiya bai faɗi ba. Mutumin da ya haura hamsin, wanda ake layi a ji hannunsa daga Kurfi har Tamawa, ya koma ɗalibi a gaban mace baƙuwa, yara na yi masa dariya in ya kuskure. Hawwa'u ta ce mini daminar nan duka da ƙidayar yake noma, hauya na sara yana “ta-ki-ta,” har maƙwabcin gonarsa ya zo ya tambaye ta a asirce ko a nemo masa rubutu ya sha. Kafin a yi girbi kalangunsa ya iya bakwai ɗin, har yana matse tsarkiya ya sa shi kukan ɗawisu.

Amma sabo turken wawa. Wata Alhamis ana tsakiyar juyin nan na ƙafa ɗaya, sai ga wani attajiri ya shigo kawo wa makaranta gero. Mamuda bai ma san ya yi ba, hannunsa ya saki bakwai ya faɗa taken mutumin. Yara takwas suka rikice suka afka wa juna. Lauratu, wadda ita ce ɗiyar manomi a labarin, ta sauke ƙafa inda ba kiɗa, ta gurɗe, sati biyu tana ɗingishi. Malama Saroja ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ajiye sandarta ta yi ta ce in fassara a hankali.

“A wurinku in kiɗa ya sauya, rawa ta sauya, ba wanda ya yi asara. A wurinmu in yarinya ta ɗaga ƙafa, ta ba makaɗi amanar inda za ta sauke ta. In ba zai iya riƙewa ba, ya gaya mini yau.”

Mamuda ya dubi yarinyar tana riƙe da idon sawunta tana cije leɓe. Ya ce, “Daga yau in na soma sai na kai ƙarshe, ko wa ya shigo.”

Ni da bakina ba ya shiru na ce, “Ko wa, Malam Mamuda? Har Lado?”

Ya ɗauki sandarsa. “Maigida ba ya makara,” in ji shi.

Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Da aka sa ranar taron iyaye a bazarar 1965, aka ce rawar ɗawisu za a nuna wa gari karon farko, sai barci da abinci suka fara gagarata. Na aika wa Lado saƙo sau biyu. Na uku na hau mota na je da kaina na ce, “Don Allah Baba, ka zo da wuri, kafin la'asar.” Ya ce, “Haba Malama, ɗiyata za ta yi wasa, makaɗina zai buga, in makara? Har baƙi na gayyato daga Katsina su ji hannun Mamuda.” Na fito gabana ya ƙara faɗuwa. Na sa aka ajiye masa benci a sahun gaba, na hana kowa zama.

Ranar ta zo, fili ya cika. Mata a gefe guda, maza a gefe guda, har mutanen Barkiya sun zo a jakuna. Aka yi la'asar, bencin Lado ba kowa. Daga baya muka ji ya je sayen sa ne da safe, san ya tsinke igiya ya shiga daji, aka yi ta fama. Mu dai ba mu sani ba. Na sa 'yan aji uku suka maimaita waƙarsu. Na roƙi wani malami ya tsawaita jawabinsa, shi da ma abin nema ya samu. Ina ta leƙen ƙofa har wuyana ya ƙage. Daga ƙarshe shugaba ta kira ni ta ce, “Rekiya, rana na faɗuwa, mutanen ƙauye za su kama hanya. A fara.” Na dubi Mamuda. Ya goge tafin hannunsa a riga, ya gyara kalangu a hammata.

Aka fara, kuma sai ka rantse yaran nan a Madras aka haife su. Da Lauratu ta jawo guga ba nauyi, wata tsohuwa a bayana ta ce, “Wayyo, rijiyar ta ƙafe.” Da ta juye wa ɗawisu ruwan tulu, wani manomi ya ce da ƙarfi, “Kai, yarinya, mi za ku sha a gida?” Ba wanda ya fassara musu komai. Malama Saroja na dukan katako idonta na sheƙi. Aka zo wurin juyi, inda ɗiyar manomi za ta yi zagaye uku a kan ƙafa ɗaya, kowane ya fi na baya sauri, sannan diddigenta da sandar makaɗi su sauka tare a bugu guda.

Tana cikin zagayen farko Lado ya iso.

Ya sha babbar riga, mahauta biyar a bayansa, baƙin Katsina biyu a gefensa. Ya zo bakin fili ya ja ya tsaya, kamar yadda ubansa ke tsayawa. Kawunan maza suka juya gaba ɗaya, daga shi zuwa Mamuda. Ni kam na dafa kafaɗar wata mata ban ma san ko wace ce ba. Na ga Mamuda ya gan shi. Wallahi na ga kafaɗarsa ta motsa, na ga gwiwar hannunsa ta ɗaga za ta matse tsarkiya. Sai ya sauke idonsa kan ƙafar yarinyar, bai ƙara ɗagowa ba. Gumi na bin gemunsa yana ɗiga a kan fatar kalangu. Uku da huɗu, uku da huɗu. Lauratu ba ta san me ake ciki ba, tana juyi ƙararrawa na amsawa.

Abin duka bai fi tsawon karanta Fatiha sau uku ba. Amma a cikinsa ne ɗaya daga baƙin ya ce, da muryar da sahun baya ya ji, “Lado, wannan ne makaɗin naka?”

Diddige da sanda suka sauka tare, dam. Mata suka ɗauki guɗa. Mamuda ya zabura ya juya da taken a hannunsa, “Lado ɗan Hamma…” Sai bayan babbar riga ya gani. Lado ya riga ya juya, mutanensa na biye. Mamuda ya bi su har bakin hanya yana bugawa, ba wanda ya waiwayo.

Washegari saƙo ya zo gidansa: kada a ƙara jin kalangunsa a mahauta, ko a bikin mahauci, ko a ƙofar Lado. Aka ɗauko wani saurayin makaɗi daga wani gari aka ba shi wurin. Malama Saroja ta ce laifinta ne, sai mun je wurin Lado. Muka je, ta durƙusa har ƙasa kamar Bahaushiya, ta yi roƙo da 'yar Hausarta mai tuntuɓe. Lado ya karɓe mu da mutunci, har tsire ya sa aka kawo mana. Sannan ya ce, “Malama, wagga ba maganar makaranta ba ce. Tsakanina da ɗan Alu ne.” Da Mamuda ya ji mun je, ranar ce kawai na taɓa ganin ransa ya ɓaci da ni. Ya ce, “Malama Rekiya, kada ku ƙara. Maigida na da gaskiya. Na gan shi, ban buga ba.”

Na ce, “To ai don ɗiyarsa ka yi!”

Ya ce, “Ni na sani. Ba a gaya wa ubangida haka.”

Kai ne, Mamuda, ka koma gida ka gaya wa Hawwa'u nama ya yanke, ba ka ɗora wa kowa ba. Kai ne ka ga bukukuwan da aka saba kiranka suna wucewa ta ƙofarka da kiɗan wani. Matarka ta koma dakan daddawa tana kai wa kasuwa, kai ka ƙara wa gonarka kunya biyu da ƙarfin tsufa. Na zaci ba za mu sake ganinka ba, kuma da ka ƙi zuwa ba mai ganin laifinka. Talatar da ta biyo baya na leƙa ta tagar ɗakin ɗinki, sai ga ka a gindin tsamiya kana jan tsarkiya. Na shiga bayan ƙofa na yi kukana, sannan na kawo maka ruwa.

A 1967 aikin mijin Malama Saroja ya ƙare, ga ƙasa ba kwanciyar hankali, suka koma gida. Ta bar mini akayau da ɗan katakon da sandarsa. Labarai biyar ta koya mana, kuma ni hannu da ido kawai na riƙe. Ƙidayar kowanne, inda ake sauri da inda ake tsayawa, a kan Mamuda take, ba a rubuce ko'ina ba. Ranar tafiyarta ta haɗa tafukan hannu a ƙirji ta sunkuya masa, ta ce da Hausa, “Malam.” Ya rasa inda zai sa kansa, sai cewa yake, “A'a, a'a, ni makaɗi ne.”

Da ba don shi ba, da rawar ta bi ta cikin jirgi. Yau 'yan mata sun fi sittin da suka bi ta hannunsa. A Dutsin-Ma in uwa ta haɗa yatsu ta yi wa ɗanta barewa a jikin bango, ba ta ma san daga Madras abin ya taso ba. Yaranmu sun fara ɗaukar tatsuniyoyin kakanninsu suna sa musu hannu da ido irin na Malama. Shi kuma da aka hana shi mahauta, sai ya riƙa bin gayyar noma a Tamawa da Barkiya, in an zauna shan fura ya ba su labarin ɗawisu da baki, kalangu na yin kukan tsuntsun. Wani dattijon Bafillace a Barkiya ya tare ni ya ce, “Ashe mutanen Indiya ma suna jiran ruwa kamar mu?” Na ce ƙwarai kuwa. Ya ce, “To Allah ya ba su damina.”

Duk wannan bai cire masa abin da ke ransa ba. Sau ɗaya ya taɓa faɗa mini, muna zaune ana jiran yara. Ya ce, “Malama, ba naman ne ke damuna ba. Ubana ya bar mini take guda in riƙe, ga shi zan je in same shi ban riƙe ba.”

Tun farkon daminar bana Lado yake kwance. Sati uku da suka wuce, ranar Alhamis, ya aiko cewa Mamuda ya zo washegari bayan an sauko daga Juma'a. Hawwa'u ta tsorata, ta aiko mini a ranar, da safe na hau motar farko. Muka shiga tare, ni na tsaya daga bakin ƙofa. Mutumin da na sani cike da riga ya koma kamar kara a kan gado.

“Ɗan Alu, ka zo da shi?”

“Yana zaure, ranka shi daɗe, a naɗe.”

“Ɗauko. Tsaya tukuna.” Ya numfasa. “Na ga ƙafar yarinyar ran nan. Ni ba makaho ba ne. Na san da ka saki, da ta faɗi gaban gari duka. Tun kafin in kai bakin hanya na sani. Amma baƙina sun ji, mahauta sun gani, na riga na yi magana, na kasa lashe amaina. Buga mini.”

Mamuda ya kwance zanen, ya saɓa kalangu, ya gyara tsayuwa. Bakwai ɗin Malama Saroja a natse ake bugunsa, shi ya sa har yanzu yake lallaɓawa da yara. Take kuwa wuyan hannu yake so, da sauri kamar ana watsa tsakuwa a kwano. “Lado ɗan Hamma” ya fito tas, har matan gida suka yi tsit a tsakar gida. Daga nan hannun ya kama rawa, sandar ta zame ta faɗi. Ya ɗauka ya sake. Ta sake faɗi a wuri guda. Na uku ko sunan Hamma bai kai ba.

Ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani. Ya ce, “Ranka shi daɗe, hannun ya riga ya tafi.”

Lado ya juya fuskarsa bango. Muna ganin kafaɗunsa na girgiza. Can ya ce, “Shekara huɗu ina jin yaron can na ɓata mini take. Ni na jawo.”

“Ba komi, Maigida,” in ji Mamuda, yana tsugunne yana laluben sandarsa a ƙarƙashin gado. “In Allah ya kai mu Juma'a in sake gwadawa.”

Juma'a biyu ke nan yana komawa. Hawwa'u na dafa masa ruwa ya tsoma hannun kafin ya fita, ta shafa masa man shanu, ta ɗaure wuyan hannun da tsumma. Ta farko ya kai “yanka da safe.” Ta biyu bai kai nan ba. Lado kuwa ko kunu ya daina shanyewa, jiya aka aika Katsina a ɗauko Lauratu daga makarantar horon malamai.

Da na gaya wa Mamuda zan rubuta wannan, abu ɗaya ya roƙe ni, kada in zagi Lado. To ka gani, Malam, ban zage shi ba, ko da yake Allah ya san shekara huɗu ina so. Na gode maka a madadin 'yan mata sittin da ba ka taɓa sakin ƙafar ɗayarsu ba, da Malama Saroja da har yau wasiƙarta ba ta zuwa sai da gaisuwarka a layin farko. Ɗan Alu, mai alkawari ɗaya. Allah ya saka maka da abin da mu ba mu da shi.

Ku kuma masu karatu, duk wanda aka ba amanar ƙaramin da ba zai iya rama masa ba, malami ne ko ungozoma ko direba, ya dubi makaɗin nan na Kurfi ya riƙe tasa ko da babba na tsaye a ƙofa. Wanda kuma ya san ya yi wa wani hukunci don idon mutane, ya aika a kira shi yau, tun hannun wancan na aiki. Mutanen Kurfi, kun san gidansa, ku je ku gaishe shi yana ji.

Jibi Juma'a zai koma. Ku taya mu roƙon Allah ya ara wa hannun nan ƙarfi na tsawon take guda, ya kuma bar Lado da rai ya ji shi har ƙarshe.